A-kori-kurarmu da Garantin Ladan

Tambuwal,
cikin watan Zulƙida, Agusta 1983.

Zuwa ga Yayana Malam Atiku, a birnin Madina.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa irin ta ƙane ga yayansa, tare da girmamawa da begen ganinka, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Zahara'u da yara. Allah ya ƙara maka basira a karatun da ya kai ka, ya sa albarkar maƙwabtaka da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ta biyo mu har nan gida. Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa, amin.

Mu nan sai godiya. Inno tana nan da sauƙi, in ban da ƙafar nan tata da takan motsa in hadari ya haɗu, kuma har gobe ba ta yarda wani ya dama mata fura in ba ita da hannunta ba. Maiɗakina Kulu lafiya lau. 'Yarmu Mardiya ta kai izu biyar, ta ce lallai in faɗa maka, don ka san alkawarin da ka yi mata na ƙaramin Alƙur'ani mai koren bango. Damina ce dai bana take yi mana rowa. Gero ya yi tsayi ya tsaya yana jiran ruwa, kowa idonsa na sama, har an fita roƙo a filin idi. Ka taya mu da addu'a a nan inda kake.

Yaya, a takardarka da ta zo kafin azumi ka tambayi labarin mota, ban amsa maka wannan ba saboda ina jiran in ga inda abin zai tsaya. To yanzu na gani. Ka tuna da yardarka muka sayar da shanun da Baba ya bari, muka ce a sayi a-kori-kura ta riƙa ɗauko hatsi daga Kebbe da ƙauyukan can zuwa kasuwar Tambuwal, gida ya samu abin dogaro. Ni niyyata irin wadda kowa ya sani, wadda ko wane bakanike na bakin tasha zai kwance ta ya mayar. Sai ga Ladan ya zo har gida. Ladan dai da ka sani, ɗan Malam Namadi na Sanyinna, wanda ya yi karatu a zauren Baba, ya ci tuwon Inno shekara da shekaru. Yanzu shi ne manajan sayarwa a wani kamfanin motoci a Sakkwato, ya yi tumbi, ya yi agogon zinariya. Ya durƙusa ya gaida Inno kamar da, ya ce ai kunya ce a gare shi a ce gidan Malam zai sayi mota a wani wuri. Ya ce sun shigo da sabon samfuri mai shan gas, mai wani abu da ake kira turbo, wani ƙarfe ne mai siffar dodon koɗi da ke hura wa inji iska ya ninka ƙarfinsa. Ya ce da wannan ba yashi ba tudu a hanyar Kebbe. Da na tambaye shi in ta lalace fa, sai ya dafa ƙirji ya ce akwai garanti na shekara guda, ko ƙusa ce ta karye kamfani zai sake ta kyauta, kuma bayan garantin kamfani ga nasa garantin na ɗan gida. Inno ta sa masa albarka, muka saya.

Gaskiya watannin farko mun ji daɗinta. Dogo, mijin ƙanwarmu Kaltume, shi muka ba tuƙi, kuma ka san Dogo da mota. Ba ya tayar da ita da safe sai ya duba baƙin mai da ruwa, ba ya kashe ta da zarar ya tsaya sai ya bar ta ta huce, kamar yadda suka ce a yi. Juyen mai kuwa ba ya yarda a yi a ko ina sai ya tafi da ita har Sakkwato garejin kamfanin. Mutane har tsiya suke yi masa wai ya fi lallashin motar nan a kan Kaltume. Tun daga kaka har ƙarshen sanyi tana zirga-zirga, buhunan gero da dawa da wake, ranar kasuwa kuma har da mata masu man shanu a baya. Inno ta fara maganar gyaran ɗakin Baba da ya tsage.

Da bazara ta shigo sai Dogo ya ce mini yana jin fiton da injin ke yi ya sake, da siriri ne mai daɗi, yanzu ya koma kamar kukan ɗan kwikwiyo, kuma tana shan baƙin mai fiye da da. Ya kai ta kamfani, suka saurara, suka ce ba komai, haka irinta take yi, ya je ya ci gaba da aiki. Ba a yi nisa ba abin ya faru. Sun taso daga Kebbe da kaya, Baffa Ɗangiwa yana gaba kusa da shi, sun fito daga wani busasshen rafi suna hawan gangare, sai motar ta yi wata irin ƙara, hayaƙi fari ya turnuƙe ta salansa har ba a ganin baya. Injin ya kama gudu shi kaɗai kamar mai aljanu. Dogo ya murɗa makulli ya zare shi gaba ɗaya, amma injin bai mutu ba, sai ma ƙara ihu da yake yi. Mata suka riƙa dirowa daga baya suna salati, ƙwaryar mai ta tarwatse. Baffa ya buɗe ƙofa ya faɗa cikin ƙaya, ya gurɗe gwiwa, rawaninsa ya warware. Dogo kaɗai ya zauna a ciki, ya danne birki ya tura babbar giya har ya shaƙe injin ya mutu. Daga baya aka ce mana turbon ne ya fashe ya riƙa ɗura wa injin baƙin mai, shi ne yake ci da wuta ba tare da gas ba. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba.

Muka sa babbar mota ta ja ta zuwa Sakkwato, ni da Dogo da Baffa yana ɗingishi, don ya ce sai ya ga Ladan da idonsa. Yaya, tun daga bakin ƙofar ofis na san an sake mana mutum. Ya bar mu a benci har aka yi azahar, sannan ya fito yana sakace haƙori. Bai tambayi gwiwar Baffa ba, bai ce an auna arziki ba. Ya leƙa injin daga nesa don kada rigarsa ta ɓaci, ya ce to za a rubuta wa masu ƙera motar a ƙasar waje su aiko da sabon turbo. Sannan ya juya ya dubi Dogo sama da ƙasa, ya ce amma fa shi a saninsa irin wannan ba ya fashewa haka kawai, yawanci direbobi ne ke sayar da mai mai kyau su zuba na bakin hanya. Dogo ya ce masa ai a nan garejinku ake yi mata juye, kuma ni na kawo muku ita da kukan nan kuka ce in tafi. Ladan ya yi dariya ya ce shi bai kama sunan kowa ba, magana ce kawai. Ya shige ofis ya rufe ƙofa.

Wannan magana da ya ce kawai ce, ita ta raba mana gida. Ka san Baffa in ransa ya ɓaci, ga ciwon gwiwa, ga dariyar da yaran gari suke yi masa kan faɗawa ƙaya. Ranar Juma'a bayan an sauko, a ƙofar masallaci, gaban dattawan unguwa, ya ce manaja da bakinsa ya tabbatar Dogo ne ya kashe motar marayu da gurɓataccen mai, wai an ba kura ajiya. Na ce masa Baffa ba haka aka ce ba, ya ce in rufe masa baki ni yaro ne. Dogo yana tsaye yana ji. Ya biyo ni gida, ya ajiye makulli a gaban Inno, ya ce a yafe masa in ya taɓa cin ƙwayar gero ta gidan nan da ba hakkinsa ba. Washegari ya kwashe kayansa ya koma Kebbe gidan mahaifinsa ya kama noma. Kaltume ta bi mijinta da tsohon ciki, ta ce ba za ta zauna a garin da ake nuna shi da baki ba. Ƙaramar Salla ta zo ta wuce Kaltume ba ta tako Tambuwal ba. Ranar nan Inno ta zuba abincin Kaltume a kwano ta rufe, yana nan har ya yi tsami ba ta bari an taɓa ba.

Ni kuwa na zama ɗan hanyar Sakkwato. In na je a ce manaja ya fita. In na same shi ya ce kaya suna kan teku. Na koma ya ce jirgi ya iso amma babu lasin shigo da kaya, gwamnati ta tsuke bakin aljihu, kuɗin man fetur ba kamar da ba. Wata rana ya ce kwastan ne suka riƙe a Ikko. Da azumi a bakina, cikin zafin nan, na je ya ce in yi haƙuri sai bayan Salla. Kullum da murmushi, kullum sai ya ce in gaida masa Inno. Na roƙi ko ganin motar in yi, ya ce tana can baya a killace, doka ba ta yarda baƙo ya shiga ba. Hatsin da muka saba ɗaukowa kuwa wasu suka gaje hanyar, mu muna biyan motar haya kamar ba mu taɓa mallakar tamu ba.

Bayan Salla, lokacin da gari ya ɗauki zafin yaƙin neman zaɓe, na sake komawa. Aka ce manaja na ganawa da manya, sai na tsallaka wurin mai tuwo da ke fuskantar kamfanin. Nan na tarar da wani direba ɗan Dogon Daji da nake gani a tasha, ya ajiye a-kori-kura irin tamu sak, an ɗaura mata lasifika a ka, an manne ta da hotuna. Ta wani babban ɗan kwangila ce da ya ba da ita don yawon siyasa. Muna ci muna hira na tambaye shi yadda yake jin daɗinta. Ya ce ai ita ma ta yi musu wannan hauka na hayaƙi ana gab da azumi, amma da maigidansa ya ɗaga waya, kwana biyu aka gyara. Ya ce sun yi sa'a ne, manaja ya ce akwai sabon turbo da ya iso na motar wasu mutanen ƙauye, su ba sa sauri, sai aka ɗaura wa tasu. Yana faɗa yana dariya, bai san da ɗan ƙauyen yake cin tuwo ba. Yaya, nan take na tsame hannuna daga tuwon na miƙe.

Ban nemi izinin kowa ba, na zaga ta baya na shiga garejin. Ga motarmu can ƙarshen katanga cikin ciyawa, bonet a buɗe ruwan sama na shiga. Babu batir, babu safaya, fitila ɗaya an ƙwaƙule, tayoyin baya sababbi an musanya su da wasu suɗaɗɗu. A kujerar da Dogo yake shimfiɗa wa darduma don kada ta yi datti, wani ya zubar da ƙashin kifi da ɓawon gyaɗa. Na shiga ofishin Ladan ba sallama, na faɗa masa abin da na ji da abin da na gani. Na ɗauka zai musa, ko ya sunkuyar da kai. Ko kusa. Ya gyara zama ya ce in yi hankali da duniya, mutumin da aka yi wa gyaran nan motoci goma yake saya a shekara, mu kuwa ɗaya muka saya a rayuwa, in ni ne a kujerarsa wa zan fara yi wa? Ya ce kayan da aka cire aro ne, za a mayar. Sannan ya ce matsalar ita ce masu ƙera motar sun riga sun aiko da turbo da sunan tamu, ba za su aiko da na biyu ba, a wurinsu an gyara ta an gama. Amma saboda darajar Malam zai yi mini hanya. Ya turo mini takarda ya ce in sa hannu cewa direbanmu ne ya sake lalata ta da mugun mai, shi kuma zai samo mana wani a farashi mai sauƙi. Har ya ƙara da cewa ai Dogo ya riga ya tafi, me zai rage shi da shi.

Na dubi bakin nan da Baba ya koya wa Fatiha. Ban zage shi ba, don na ji ko zagin ma asara ce. Na ce masa ya ajiye takardarsa, kuma daga yau ya daina aiko ni da gaisuwa wurin Inno. Na ce zan zo in ɗauki motarmu yadda take. Ya ce in na fitar da ita daga harabarsu garanti ya mutu. Na ce ai na ga gawarsa can bakin katanga.

Daga nan ban tsaya Tambuwal ba sai Kebbe. Na sami Dogo a gona yana maimai, ya rame ya yi baƙi. Na zauna a kan kunyar gona na faɗa masa komai tun daga mai tuwo har takardar. Sai ya tambaye ni abu ɗaya, wai na sa hannun? Na ce a'a. Ya ce to alhamdu lillahi. Na roƙe shi ya zo ya riƙe sitiyari a jawo ta gida, don ba na so wani ya shigo da ita gari in ba shi ba. Ya yarda. Haka muka taho daga Sakkwato, babbar mota na jan mu da sarƙa, shi yana riƙe da kan mataccen inji, ni ina gefe, muna tafiya kamar masu rakiyar gawa. Motocin 'yan siyasa suna wuce mu da kiɗa da kirari. Da muka tsaya ƙofar gida sai ya fito ya share gilashin da hannun rigarsa, ya miƙo mini makulli.

Na tara Baffa da dattawan da suka ji maganarsa ta farko na maimaita musu komai a gabansa. Abin da kawai ya iya cewa shi ne ashe haka ne, Ladan bai kyauta ba. Na ce saura Dogo fa? Ya ce shi ba zai ba surukin gida haƙuri ba, girma ya hana. Wannan ma ya ƙara mini ƙyamar abin, mutum ya iya ɓata suna a ƙofar masallaci amma gyarawa ta yi masa nauyi. Inno ce ta ɗaura gyale, da ƙafar nan tata, ta hau motar kasuwa har Kebbe ta ba Dogo da mahaifinsa haƙuri da bakinta. Ta kwana biyu can, kuma tana can Kaltume ta sauka lafiya, an samu namiji, an sa masa Dawuda. Kaltume ta ce za ta zo wankan jego gida saboda Inno. Dogo kuwa ya ce zumunci yana nan, amma ko an gyara motar shi ya gama tuƙa ta. Tana nan ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida mun lulluɓe ta da tamfol. Wani bakanike a Jega ya ce zai nemo mana turbo na hannu in an yi kaka, in Allah ya ba da kakar.

To ga dalilin da ya sa na ce lallai takardar nan ta riga alhazai isowa. Ladan zai sauke farali bana, ɗan kwangilar nan ne ya ba shi kujera. Makon jiya ya aiko direbansa da goro wurin Inno, wai yana neman gafarar kowa da kowa kamar yadda maniyyata ke yi, bai ambaci mota ba, bai ambaci Dogo ba, ko ƙafarsa bai tako ba. Kuma wai a ba shi kwatancen gidanka a Madina, don yana so ya sauka wurin ɗan'uwa. Ni na ce kada a bayar. Inno ta ce ba a hana baƙon Allah masauki, ta sa aka rubuta masa, goron kuma ta ce a mayar masa da abinsa. Saboda haka zai zo maka, Yaya, da fara'arsa da labarin zauren Baba. Ba zan ce ka kore shi ba, ka fi ni ilimi, ka fi ni sanin hakkin baƙo a wannan gari mai alfarma. Na dai ga bai kamata ka zuba masa abinci ba tare da ka san wanda kake zuba wa ba.

Inno tana gaishe ka, ta ce ka yi mata addu'a a Rauda, ka aiko mata da man zaitun na ƙafa ta hannun alhazan garinmu. Kulu da Mardiya suna gaida Zahara'u da Fatima da ƙaramin Atu. Baffa Ɗangiwa ya ce a gaishe ka, na isar. Kaltume tana gaisuwa, ta ce ka sa wa Dawuda albarka. Dogo ma yana gaishe ka da kyau. Da na gaya masa zan roƙe ka ka sa Ladan ya nemi gafararsa kafin ya hau Arfa, sai ya ce kada in yi. Ya ce ko sunansa kada ka ambata masa, shi ba ya son haƙurin da aka roƙo masa. In Ladan ya tuna da kansa, ya san hanyar Kebbe.

Allah ya sada mu da alheri. Wassalam.

Ni ne ƙanenka,
Sambo.